Sallamar Baba Ta Bayan Danga

Ruwan bana ya ƙi ɗaukewa. Tun da watan nan ya kama rana ba ta yi cikakken wuni a waje ba, tabarmata ta yi warin danshi, gishiri ya narke a gwangwani. Ni kuma yanar ido ta rufe mini gani, ba na ganin komai sai haske da inuwa, shi ya sa jikata Rabi takan ajiye mini ɗan rediyo kusa da matashi kafin ta wuce makaranta. Shekaranjiya ina zaune ina ɓare gyaɗa da lalube, sai wani mutum ya bugo waya gidan rediyon daga Kausani. Ya ce geronsa ya kwanta cikin ruwa, zangarniya ta fara tsiro tun tana jikin kara. Mai shirin ya yi masa jaje, suka yi sallama, aka ɗauki wani. Ni dai hannuna ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Na taɓa ganin irin wannan damina, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi.

Lokacin ina da ƙuruciyata, ina goyon fari, 'yar mace da muke kira Ladi. Gidanmu a nan Wudil yana gangaren kogi. Daga ni sai maigidana, sai iyayensa, Baba da Inna. Baba makaho ne, ciwon ido ya tafi masa da gani tun kafin a kawo ni gidan. Sana'arsa tufkar igiya. Kullum yana zaune a inuwar rumbu, ƙafa a miƙe, ya saƙale bakin igiyar a babban yatsa yana murza rama a cinya. Ranar Juma'a ɗansa ya ja shi zuwa kara, kasuwar dabbobi, masu shanu su saye.

Daminar ta fara da kyau, har mutane na ta murna. Shuka ta tashi baƙi ƙirin, aka yi noman fari, aka yi maimai. Daga nan sai sama ta buɗe. Ba irin ruwan nan mai iska da tsawa da yake zuwa ya wuce ba, a'a, ruwa ne siriri mai naci, ya kwana ya wuni. Itace ya jiƙe, mu hura wuta har idanu su yi ja, hayaƙi kawai. Kwaɗi suka shigo har ƙarƙashin gado. Kogi ya cika ya haura, ya shanye fadama, masu fito ma suka ɗaure jiragensu. Maigidana yakan dawo daga gona da laka har gwiwa. Wata rana ya shigo da zangarniya guda ya sa wa Baba a hannu. Baba ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya kai hanci ya shaƙa, ya ce, "Wannan ta ruɓe a tsaye. Allah Ya sa mu ga baɗi."

A cikin ruwan nan ne katangar da ke tsakaninmu da maƙwabcinmu Kofur Habu ta zube. Kofur tsohon soja ne, ya je yaƙi ya dawo da ɗingishi da keken ɗinki, kuma shi kaɗai ne mai rediyo a unguwar. Wani abu ne shuɗi mai zagaye kamar kwanon tuwo, batirinsa ya kusa tubali girma, an ja masa waya zuwa reshen ceɗiya. Ba mai halin sake gini a lokacin, sai aka kafa dangar kara. Tun daga ranar, duk abin da akwatin Kofur ya faɗa, a tsakar gidanmu yake sauka.

Ban taɓa tsayawa na ƙare wa akwatin kallo ba sai daga baya, kuma ban ga na rasa komai ba. Abu ne da ba ya neman a dube shi. Ina daka ina ji, Inna na kaɗi tana ji, Ladi na bayana tana barci. Kofur ba ya kunna shi sai bayan la'asar, saboda tattalin batir. A yi labaran duniya, a sa goge ko kukuma, ranar Laraba kuma a karanta gaisuwar mutane: wane a gari kaza yana gaida wane a gari kaza. Baba ne ya fi kowa so. In an yi sallama a akwatin sai ya amsa, in an faɗi mutuwa ya yi salati, in mai labarai ya faɗi abin da bai gamsu da shi ba ya ce, "Kai, anya kuwa?" Inna ta ce, "Malam, ai ba ya jinka." Ya ce, "Bar ni da ɗan'uwana. Shi ma ba ya ganin wanda yake yi wa magana."

Da kaka ta zo, abin da muka ɗauko daga gona jaki ɗaya ya kwaso shi. Dawar ma da ake sa rai domana ta kama ta, ka taɓa ta hannunka ya yi danƙo. Maigidana ya zaɓi zangarniyoyin da suka tsira ya ɗaure, ya rataye a saman ɗakin Inna don iri. Sannan ya durƙusa gaban Baba ya ce zai tafi haƙar kuza wajen Jos tare da samarin unguwa, in ya samu abin da ya samu zai aiko, kafin ruwa ya sauka kuma yana gida. Baba ya ce, "Allah Ya tsare." Maigidana ɗan fari ne, tsakaninsa da Baba akwai kunya mai ƙarfi. Tunda aka haife shi Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan."

Sau ɗaya saƙo ya zo, ta hannun wani yaron mota: ɗan garin rogo a ƙulle cikin tsumma, da cewa yana lafiya. Daga nan shiru.

Yunwa ba rana ɗaya take shigowa ba. Da fari muka bar tuwon rana. Sai tuwon dare ya koma kunu. Sai kunun ya koma ruwa-ruwa, ana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Dusar da a da muke ba awaki muka riƙa tankaɗewa muna dafawa da busasshiyar tafasa. Awakin kuwa an sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Matan da ba sa leƙa ƙofar gida duk suka fito, ni ma na fita. Da sassafe mu gangara kududdufan da kogi ya bari mu shiga har ƙugu muna tonon bado. A shanya 'ya'yan, a daka, a dama. Yana da ɗanɗanon laka, kuma in ka sha cikinka ya yi ta ƙugi, amma yana riƙe mutum zuwa azahar. Da badon ya ƙare sai aduwa da goruba. Unguwa ta yi tsit. Ba a jin luguden turmi, ba a jin zakara. Abin da ya rage mai ƙara shi ne akwatin Kofur, shi ma ya rage masa lokaci, sai labarai da gaisuwar Laraba kawai.

Duk Laraba ina tsugune kusa da danga, hannuna na wani aiki, kunnena na can. Ana ta jero sunaye. Na ji an gaida mutanen Gaya, na ji na Garko, har na Wudil an taɓa gaisarwa, wani mahauci. Namu bai zo ba.

Sai bazara ta shigo, azumi ya kama a cikinta. Zafin shekarar ban sake ganin irinsa ba. Ƙasa ta ƙone tafin ƙafa, ruwan randa ya yi ɗumi kamar an ɗora a wuta, kogin da ya cinye mana gona ya koma rairayi fari fat, sai an tona rami a samu abin sha. Nonona ya ƙafe, Ladi ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan ƙugi kamar na mage. Ƙafafun Inna suka kumbura, in ka danna yatsa ramin ya zauna. Liman ya aiko a gaya wa Baba ya sha azumi, tsufa da rashin ƙarfi sun ba shi dama. Baba ya yi dariya ya ce, "A ce masa na gode. In na sha azumin, me zan sha? Yunwar dai ɗaya ce, gara wadda ake ba da lada."

Igiya ta taru, ba mai kai Baba kasuwa. A da yaran maƙwabta ke ja masa gora, amma iyayensu sun kwashe su sun yi kudu. Wata Juma'a na goya Ladi, na ɗauki igiyoyin a ka, na zo na tsaya gabansa. Ni da ko inuwarsa ba na takawa, in yana tsakar gida a durƙushe nake wucewa. Na ce, "Baba, kawo sandar." Can ya miƙo bakinta, ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan." Muka fita, ina gaba yana baya.

Kara ta cika da shanu, amma duk ƙashi da fata, masu sayarwa sun fi masu saye. Muka sayar da 'yan igiyoyi a wulaƙance. Muna shirin tashi sai na ga mutane sun yi cincirindo gindin wata tsamiya, kusa da wata mota. Kofur Habu ya ɓullo daga cikin taron yana jan ƙafa.

"Malam! Kai nake nema. Mutanen rediyo ne suka zo. Suna ɗaukar maganar mutane su tafi da ita, a sa a akwati kowa ya ji."

Baba ya ce, "Maganar mutum da bakinsa?"

"Da bakinsa. Sun ɗauki masu kalangu, sun ɗauki Sarkin Pawa. Yanzu gaisuwa ake yi."

"Har Jos ana ji?"

"Har inda ya fi Jos."

Baba ya ce da ni, "Ja mu je."

Kofur ya buɗa mana hanya. Wani saurayi mai farar riga yana tsugune gaban wani akwati da abubuwa biyu ke juyawa a kansa kamar faifai. Wani saurayin kuma yana riƙe da wani ƙarfe mai kai kamar ludayi. Ya gaida Baba da ladabi ya ce, "Baba, ka faɗi sunanka da garinku, da sunan wanda kake gaisarwa. Kada ka tsawaita."

Baba ya ce, "Sai na faɗi sunansa?"

"In ba ka faɗa ba, yaya zai san da shi ake?"

Baba ya matso. Ya laluba ya kama hannun saurayin da ƙarfen gaba ɗaya, kamar mai tsoron kada a janye. Ya gyara murya ya yi sallama. Ya ce, "Ni ne Musa mai igiya, daga Wudil, gangaren kogi. Ina gaida Isiyaku, da yake wajen kuza. Isiyaku, muna nan lafiya. Tsohuwarka lafiya, iyalinka lafiya. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Irin da ka rataye yana nan ba a taɓa ba. In ka ji wannan, ka taho gida." Ya ɗan tsaya, sannan ya sake cewa, "Isiyaku." Saurayin ya zare hannunsa a hankali, ya ce an gode.

A hanyar gida raina a ɓace yake. Yunwa ta riga ta cinye mini kunya. Na ce, "Baba, don me ka ce muna lafiya? Inna ba ta iya tashi. Yarinyar nan ko kuka ba ta iyawa. In ya ji lafiya ai sai ya ƙara zama."

Ya ce, "Duniya fa ke saurare, 'yar nan. In tsaya tsakiyar kasuwa in ce gidana ba tuwo?"

"To ai gaskiya ce."

"Gaskiya ce. Ja mu je, rana na dukana."

Yanzu mutum ya bugo waya daga gonarsa, kafin ya rufe baki duk ƙasa ta ji, har a ba shi amsa. A wancan lokacin sai da maganar Baba ta hau mota ta tafi, ta je ta bi layi a bayan maganganun wasu. Laraba ta zo, Baba ya sa na matsar masa da buzunsa jikin danga tun azahar. Aka yi gaisuwa aka gama, babu. Wata Larabar ma haka. Kofur ya leƙo ta saman danga ya ce a yi haƙuri, garuruwa da yawa suka zaga. Baba ya ce, "Ko dai ta zube musu a hanya?"

A goman ƙarshe ya daina tufka. Yatsunsa ba sa iya murza ramar, sai ya riƙe ta kawai a cinya. Fuskarsa ta kumbura, ta yi sheƙi, har wanda bai sani ba ya ce ƙiba ya yi. In an sha ruwa na kai masa kunun dusa, ya kurɓa kaɗan ya ce ya ƙoshi. Wata safiya na durƙusa gabansa na ce, "Baba, a sauko da irin nan ko zangarniya biyu ne, in dama maka kunu na gaske." Ya ce, "In kin sauko da shi, me yaron nan zai tarar?" Ban sake tayar da maganar ba.

Ana saura kaɗan Salla ya cika, da hantsi, a inuwar rumbun nan da babu komai a cikinsa. Kofur ne ya ba da farin yadi, shi ya ɗinka. Mazan da suka rage a unguwa ba su da yawa, kuma ba ƙarfi, ƙasa ta yi tauri kamar dutse. Sai da rana ta karkata suka gama haƙa.

Sallar shekarar ba wanda ya ɗora tukunya a gidanmu. Matar Kofur ta miƙo mana ɗan tuwo ta saman danga.

Larabar da ta biyo baya, Inna na zaune ƙofar ɗaki cikin takaba, ta ɗauko mazari tana juyawa don kada hannu ya zauna banza. Ni ina tankaɗe. Iska ta tsaya cik, gari ya yi duhu-duhu ta gabas. Ina jin akwatin yana ta surutu, ban ma sa kunne ba, don na riga na fid da rai. Sai kawai na ji an gyara murya, irin gyaran muryar da na sani, aka yi sallama.

Inna ta amsa. Wallahi da ƙarfi ta amsa, "Wa alaikumus salam," har tana yunƙurin gyara lulluɓi. Sannan mazarin ya faɗi ya gangara.

"Ni ne Musa mai igiya, daga Wudil, gangaren kogi."

Na ji Kofur ya yi salati a can, kujerarsa ta faɗi, yana laluben abin kashewa. Inna ta ɗaga murya, ita da ba a jin maganarta a waje, ta ce, "Habu, kada ka taɓa shi! Bar shi ya gama."

Muka ji shi har ƙarshe. Muna nan lafiya. Tsohuwarka lafiya. Har ƙarar shanun kara ana ji a bayansa, da wani ɗan ƙugi siriri, wanda na gane na Ladi ne a bayana. Ya kira sunan na ƙarshe, sai wani mutumin Dawakin Kudu ya karɓa yana gaida abokansa. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce in miƙo mata mazarinta. Na miƙa mata, ta riƙe shi, ba ta kaɗa ba.

Ruwan farko ya sauka kafin mako ya zagayo. Washegarinsa da hantsi, ƙasa na ta ƙamshi, ina shanya tabarmi sai na ji sallama a zaure. Maigidana ne. Ya rame ya yi baƙi, ƙafafunsa duk sun tsage, da ɗan buhu a kafaɗa da wani bargo ja a naɗe. Bai ko dube ni sosai ba, ya nufi inuwar rumbu. Ya ga babu buzu. Ya leƙa ɗaki. Ya fito ya ga Inna da farin zane da ƙaramar wuƙa a gefenta.

Ya ce, "Ina Baba?"

Inna ta ce, "Zauna ka sha ruwa."

"Inna, ina Baba?"

"Baba ya riga mu. Tun kafin Salla."

Ya girgiza kai kamar an faɗi abin da ba daidai ba. Ya ce, "A'a. Ranar Laraba na ji shi. Ina zaune wajen mai shayi ina ɗaure ƙotar diga, ban ma san ana magana ba, sai na ji sunana. A bakin Baba. Na ce lallai ba lafiya ba, tunda har ya faɗa. Ko ladan aikina ban tsaya karɓa ba. Ranar Laraba fa, Inna."

Ta ce, "Mu ma ranar muka ji shi."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ajiye buhun da bargon a ƙasa, ya juya ya fita. Na ji shi ta bayan danga yana sallama da Kofur, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kofur, don Allah kunna mini akwatin nan. Mayar da shi wajen Baba."

"Isiyaku, ba a mayarwa."

"Ko kaɗan ne. Wajen sunan kawai. Hayaniya ta yi yawa a can, ban ji da kyau ba."

"Ba a cikinsa yake ba, ɗana. Wucewa yake yi. Da yana ciki wallahi da na fasa shi na ba ka."

Inna ta dafa bango ta miƙe, karo na farko a cikin makonni, ta ce in ɗauko turmi in taka in sauko da irin. Na sauko da shi na sussuke, na sheƙe, na zuba a ƙwarya. Da maigidana ya dawo idonsa jajur, ya ɗauki sungumi. Na goya Ladi na bi shi. Yana sara ina zuba iri ina takewa, har rana ta faɗi.